Masu Gwajin Manhaja Na Sa-kai: Abin Da Suke Kamawa Da Abin Da Ke Kuɓuce Musu

Me ya sa ake bai wa 'yan sa-kai manhaja su gwada kafin a sake ta ga jama'a?

Masu kula da ma'ajiyar manhaja, wato rumbun da jama'a ke sauke manhajoji daga ciki, kaɗan ne, abin da ake turo musu kuwa ya fi ƙarfin hannunsu. Amma akwai dalilin da ya fi wannan nauyi, wato babu mutum ɗaya da ya mallaki kowace irin kwamfuta da ke hannun mutane. Manhaja kan yi aiki lami lafiya a na'urar wanda ya rubuta ta, sannan ta ƙi tashi sam a wata tsohuwa, ko a wadda aka saita harshenta daban, kuma irin wannan matsala sai hannu da yawa ne ke tono ta.

Yaya aikin yake gudana?

Fedora, ɗaya daga cikin sanannun rassan Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta, misali ce mai kyau. Duk sabon gyara yana fara zama a ma'ajiyar gwaji, masu gwaji kuma su shiga tsarin da ake kira Bodhi su ba shi maki ɗaya na yabo idan ya yi musu aiki, ko su rage masa ɗaya idan ya kawo tangarɗa. A bisa saitin da aka saba, maki 3 na yabo kan iya wuce da shi zuwa ga kowa, maki 3 na suka kuwa su sa a janye shi. Debian, wani reshen Linux da aka kafa a 1993, ta fi dogara da jira: manhaja takan yi wasu kwanaki a sashenta da ake kira Sid, inda sababbin manhajoji ke fara sauka, idan ba a kai ƙarar wani babban aibi ba, sai ta matsa gaba.

Wane irin rahoto ne yake da amfani?

Wanda wani zai iya bi sawunsa ya ga abin da mai gwajin ya gani. A faɗi sigar manhajar, da irin na'urar, da matakan da aka bi, da abin da aka yi tsammani, da abin da ya faru. Cewa "ta yi aiki" kawai ba ta nuna ko an buɗe manhajar ne aka rufe, ko an yini ana amfani da ita.

Shin masu gwaji na iya gano manhajar da aka turo da mugun nufi?

A nan ne ya kamata a rage buri. Gwaji yana nuna ko manhaja tana yin abin da ta ce za ta yi, amma ba safai yake nuna abin da take yi a ɓoye ba, domin mai mugun nufi yakan tabbatar cewa komai na tafiya daidai a idon mai kallo. A watan Maris na 2024 aka gano ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar sirri ta kutsawa kwamfutar mutane, a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da tsarin Linux da dama ke amfani da ita, a sigar 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ne ya lura cewa shiga kwamfutarsa ta hanyar SSH, tsarin shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya kai ga tushen abin. Lallai a sashen Sid na Debian aka kama ta, kafin ta yaɗu, amma ƙwarewar mutum ɗaya da naciyarsa ne suka yi aikin, ba yawan masu danna maki ba. Saboda haka wajibi ne a samu wanda zai karanta asalin rubutun manhajar, kamar yadda F-Droid, wata ma'ajiyar manhajojin waya, ke karɓar rubutun ta gina manhajojin Android da kanta maimakon ta ɗauki abin da aka riga aka harhaɗa.

Wa ke da hukuncin ƙarshe?

A ganina mai kula ne, ba ƙuri'a ba. Maki abu ne mai sauƙin murɗewa, tunda wanda ya turo manhaja zai iya gayyato abokansa su yabe ta, ko ya buɗe sababbin asusu ya yabi kansa. Don haka ake hana mutum tantance aikinsa, kuma maganar wanda ya daɗe yana kawo rahoto mai inganci ta fi ta baƙon jiya nauyi.

Ta yaya mai gwaji zai kare kansa?

Kada ya gwada baƙuwar manhaja a kwamfutar da ke ɗauke da takardunsa da kalmomin sirrinsa. Ya yi amfani da wata na'ura daban, ko kwamfutar kwaikwayo irin wadda VirtualBox ke samarwa, wadda zai iya gogewa ya mayar da ita yadda take bayan kowane gwaji.