Hasumiyar Fitila ta Iskandariyya

Hasumiyar Fitila ta Iskandariyya doguwar hasumiya ce da aka gina a kan ɗan tsibirin Faros, daura da birnin Iskandariyya na ƙasar Masar, domin ta riƙa nuna wa jiragen ruwa hanyar shiga tashar birnin. An soma ginin a zamanin Sarki Batlimus na Ɗaya, aka kammala shi a zamanin ɗansa Batlimus na Biyu, wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ana danganta aikin da wani Bagirke mai suna Sostratus. Tana cikin abubuwa bakwai na al'ajabi na tsohuwar duniya.

Buƙata ce ta sa aka gina ta. Gaɓar Masar a wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsauni ko tudun da matuƙi zai hango daga nesa ya gane inda yake, ga kuma duwatsu kwance a ƙarƙashin ruwa kusa da mashigar tashar. Shi tsibirin an haɗa shi da birnin ta wata hanya da aka cike teku aka yi, mai tsawon fiye da kilomita 1.

Tsayin hasumiyar ya haura mita 100, kuma hawa uku ne. Na ƙasa mai kusurwa huɗu ne, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kuwa kewayayye. Can a ƙololuwa ake hura wuta da dare. Marubutan Larabawa sun ambaci wani madubi da ke saman, har labarai suka yaɗu cewa yana iya ƙone jiragen abokan gaba, amma wannan ya fi kama da almara.

Abin da ya fi ban sha'awa a tarihinta shi ne daɗewar da ta yi. Ta wuce shekara 1,500 a tsaye, ta ga mulkin Girkawa, da na Rumawa, da na Musulmi. Mafi yawan bayanin siffarta ma daga matafiya Musulmi aka samo shi. Ibn Jubair, mutumin Andalus, ya yada zango a Iskandariyya a 1183 a kan hanyarsa ta zuwa Hajji. Ya hau hasumiyar, ya tarar da masallaci a samanta, ya yi salla a ciki.

Girgizar ƙasa ce ta ci ta sannu a hankali. Ta 956 ta yi mata ɓarna, ta 1303 da ta 1323 suka kassara ta. Da Ibn Batuta ya zo a 1326 ya iske gefe ɗaya ya rushe, da ya komo a 1349 kuwa ko ƙofarta ba ta shiguwa. A 1477 Sarki Ƙaitbai ya soma gina sansanin tsaro a gurbinta, aka yi amfani da wasu daga cikin duwatsunta, kuma sansanin yana nan har yau.

A 1994 masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Jean-Yves Empereur suka nutsa cikin tekun da ke gefen sansanin, suka gano manya-manyan duwatsu da gumaka, waɗanda ake ganin wasu daga cikinsu daga jikin hasumiyar suka faɗo.