Mene ne "kaya masu amfani biyu"?

Duk lokacin da aka ji Amurka na matsa wa ƙawayenta lamba su daina sayar wa China wasu injina, wannan kalmar ce ke tsakiyar maganar. Kaya masu amfani biyu su ne waɗanda farar hula ke aiki da su, amma soja ma zai iya mora. Injin da ke sassaƙa ƙarfe a masana'anta zai iya sassaƙa farfelar jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Haka aka yi a 1987, lokacin da asiri ya tonu cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan da kamfanin Kongsberg na Norway sun sayar wa Tarayyar Sobiyat irin waɗannan injina.

Matsalar ita ce wa zai ja layin. A 1949 Amurka da ƙasashen Yammacin Turai suka kafa kwamitin CoCom a Paris domin tsara jerin abin da ba za a sayar wa ƙasashen gurguzu ba. Tun daga farko Amurka tana son jerin ya yi tsawo, su kuwa Turawa, da kasuwarsu ke wannan ɓangaren, suna son a taƙaita. A 1957 Birtaniya ta yi gaban kanta ta yi watsi da ƙarin takunkumin da aka ɗora wa China fiye da Sobiyat.

Rigimar da ta fi zafi ita ce ta 1982, kan bututun iskar gas daga Siberiya zuwa Turai. Shugaban Amurka Reagan ya hana kamfanonin Turai masu amfani da fasahar Amurka kai kayan aikin. Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, wadda ake ganin aminiyarsa ce, ta umarci kamfanonin Birtaniya su cika kwangilarsu. Turawa suka ce ai Amurka kanta tana sayar wa Sobiyat alkama, to me ya sa bututu ne kaɗai haɗari? A ganina sun faɗi gaskiya a nan. A watan Nuwamba Reagan ya janye.

An rushe CoCom a 1994, yarjejeniyar Wassenaar ta maye gurbinsa a 1996. Yau takaddamar ta koma kan kamfanin ASML na Holan, wanda shi kaɗai ke ƙera injinan da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ci gaba da su. A 2023 gwamnatin Holan ta faɗaɗa dokar neman lasisi kafin fitar da wasu injinan ASML, alhali China na cikin manyan masu sayen kayan kamfanin.