Sauya wili da tayar sabuwar mota

Sauya wili da taya shi ne cire waɗanda mota ta fito da su daga kamfani, a ɗaura mata na kasuwa. Wili, wanda wasu ke kira rim, shi ne ƙarfen da ake sa wa taya, ko dai na baƙin ƙarfe ko na gaurayen alminiyam. A Zariya yawanci kwalliya ce ke kai mai sabuwar mota ga wannan sauyi, wani lokaci kuma rami ne ya lanƙwasa masa wili. Ko ma mene ne dalili, ido ba ya gane abin da ya dace da mota. Lambobi ne ke faɗa, kuma kamfani ya rubuta wasunsu a littafin motar da kuma wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Lambar jikin taya

A gefen kowace taya akwai rubutu irin 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin 100 na faɗin, kusan milimita 113. R16 na nufin wili mai inci 16 za ta hau. Lamba 91 nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka ne, kilo 615, harafin V kuma iyakar gudunta, kilomita 240 a awa. H na tsayawa a 210, T a 190. Ba a saukowa ƙasa da lambar nauyin da kamfani ya ƙayyade, balle ga motar da za a cika da iyali da buhunan hatsi a nufi Funtuwa ko Kano da tsakar rana.

Wanda ke son wili babba dole ya rage tsayin gefen taya, don jimillar tsayin ƙafar ya zauna kusan yadda yake. Taya 205/55 R16 tsayinta kusan milimita 632 ne, 225/45 R17 kuma kusan 634, shi ya sa ɗaya ke maye gurbin ɗaya. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada bambancin ya haura kashi 3 cikin 100. In ya haura, agogon gudu zai riƙa faɗar ƙarya, na'urar birki ta ABS ta rikice, tayar kuma tana iya gogar bodi idan aka karya sitiyari.

Awon wili

Abu na farko shi ne tsarin ramukan noti, wanda ake kira PCD. Idan aka ce 5x114.3, ramuka biyar ne a kan da'irar da faɗinta ya kai milimita 114.3. Wannan shi ne awon Toyota Camry da Honda Accord na shekarun baya-bayan nan. Peugeot 406, wadda aka daɗe ana haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna, 4x108 take ɗauka, Marsandi kuwa galibi 5x112. Tsakanin 112 da 114.3 tazarar ba ta kai a gani da ido ba, kuma nan ne haɗarin yake. Sai a ga yaron shago ya tura wili, ramuka sun kusa haɗuwa, ya taka sifana da ƙafa har noti ya shige, ya ce, "Alhaji, ya zauna daram." Bai zauna ba. Kusoshin sun karkace, kuma suna iya tsinkewa ana cikin tafiya.

Ko PCD ya zo ɗaya, sauran ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, don haka wilin Camry na asali ba zai shiga Accord ba. Wilin kasuwa yawanci raminsa na da faɗi don ya hau motoci da yawa, sai a cike giɓin da zobe na musamman. Idan babu zoben, sitiyari kan yi rawa a kan babbar hanya ko an yi balansin. Noti ma ba a cakuɗa shi. Wilin alminiyam na Toyota na amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da washa, na Honda mai kumburarren gindi, na kasuwa kuma mai tsinin gindi. Sabon wili na buƙatar nasa notin.

Akwai kuma lambar ET da ke bayan wili, misali ET45. Ita ke nuna yadda wilin zai shige ciki ko ya turo waje. Idan lambar ta yi ƙasa sosai, ƙafa za ta leƙo waje ta ci boris. Idan ta yi sama, za ta gogi birki ko shokazoba. Sabbin motoci da yawa suna da na'urar awon iska a cikin bawul, ita ma a mayar da ita kan sabon wilin.

Hanya da zafi

Siririyar taya a kan wili mai inci 18 ko 19 tana da kyan gani, amma don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka yi ta. Gefen taya shi ne matashin da ke shanye duka. A lungunan cikin birni da Tudun Wada, ko titunan Sabon Gari bayan damina ta ci bakin kwalta, rami ɗaya ya isa ya tsaga wilin alminiyam ko ya fito wa taya da ƙulli a gefe, kuma ƙulli ba ya facuwa. Wilin baƙin ƙarfe idan ya lanƙwashe ana iya miƙar da shi. Ga motar da za ta yi zirga-zirga tsakanin Samaru da Kwangila kullum, zama a kan girman kamfani, ko ƙarin inci ɗaya kawai, ya fi hankali.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tayoyin kasuwa daga waje suke zuwa, sababbi da na hannu da ake kira Beljiyam. Shekarun taya na rubuce a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023, wato lambobi biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Roba na tsufa ko ba a taka ta ba, kuma Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a jefar da ita in ta kai goma. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi. Cikin na Beljiyam akwai masu hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki. Na hunturun Turai ne, robarsu mai laushi ce, kuma zafin kwaltar Zariya na Maris da Afrilu yana cinye su da wuri.

Bayan an ɗaura, iska a bi awon takardar ƙofa, a auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi, ba awon da mai faci ya saba bugawa kowace mota ba. Noti kuma a sake ɗaure shi bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.