Waiwaye: Yadda Birane Suka Koma Tattalin Ruwan da Ke Hannu

Shekaru da dama, duk lokacin da ruwan famfo ya gaza a birni, maganin da hukumomi suka sani ɗaya ne: a gina sabuwar madatsa, a jawo bututu daga kogi mai nisa. Sai da kuɗin gini ya yi tashin gwauron zabi sannan injiniyoyi suka waiwayi ruwan da aka riga aka tace, aka sa masa magani, amma yake tsiyayewa a ƙasa kafin ya isa gidan kowa.

Wajen 1980 aka fara wata dabara a Birtaniya: a yanka birni shiyya-shiyya, kowace da mita a bakin bututun da ke shigar mata da ruwa. Ana karanta mitar tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, sa'ad da gari ya yi tsit. Idan har tana gudu a lokacin, mafi yawan ruwan yoyo ne. Sai ma'aikaci ya bi layin da sandar sauraro, ya kafa bakinta kan bawul, wato makunnin bututu, ya kara kunne a ɗaya gefen, yana neman ƙarar ruwan da ke tsartuwa ta tsaga. Rage ƙarfin turin ruwa da dare ma na rage yoyon, bututu kuma ya daɗe bai fashe ba.

Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ya nuna abin mai yiwuwa ne. A 1993 kusan kashi 72 cikin 100 na ruwansa na salwanta ta yoyo da haɗin sata. Da aka canza bututu, aka sa wa kowane gida mita, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

A cikin gidajen mutane kuwa, dokar Amurka ta 1992 ta ƙayyade wa sabon masai na zamani kimanin lita 6 na ruwa a duk lokacin da aka kora shi. Cape Town ta Afirka ta Kudu, lokacin da fari ya matsa a 2018, ta yanka wa kowane mutum lita 50 a rana, ta rage turin ruwa, famfunan birnin ba su ƙafe ba.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne buɗe ruwa na 'yan awanni kawai a rana da sunan tattali. Bututun da ya bushe yana zuƙo ƙazantar ƙasa ta tsagoginsa, in an sake buɗe ruwa da ƙarfi sai mahaɗai su ɓalle. Magidanta kuma kan cika tankuna fiye da buƙata, sabon ruwa na zuwa su zubar da na jiya.