Waiwaye: Yadda Amurka ta fara kirdadon kuɗin ɗumama gida tun kafin sanyi ya sauka

Duk watan Oktoba, hukumar tattara bayanan makamashi ta Amurka, wadda ake kira EIA, takan fitar da rahoton da ke gaya wa magidanta abin da za su kashe wajen ɗumama gidajensu har zuwa watan Maris. A wurinmu hunturu bargo ne da kaskon gawayi da ruwan wanka mai zafi. Can kuwa, a jihohi irin su Minnesota da Maine, gidan da wuta ta mutu a tsakiyar Janairu ruwan famfonsa daskarewa yake yi, bututu ya fashe, tsoho na iya kwana ya ƙi tashi.

Tushen abin yana komawa ne ga Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila. Cikin 'yan watanni ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Gwamnati ta waiga ta ga ba ta da sahihin lissafi nata na kanta, sai abin da kamfanonin mai suka ga dama suka faɗa. Wannan kunyar ce ta haifi EIA a 1977. A 1981 kuma aka kafa shirin LIHEAP mai taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi biyan kuɗin ɗumama gida.

Makamashi huɗu rahoton ke bi. Iskar gas ta bututu ce babba, kusan rabin gidaje da ita suke amfani. Wutar lantarki na biye, musamman a kudu inda sanyin bai cika tsanani ba. Sai furofen, ɗan'uwan gas ɗin girki na tukunya, wanda mota ke kai wa mutanen karkara ta cika musu tanki a bayan gida. Na ƙarshe man ɗumama gida, kusan dizal ne, kuma yawancin masu ƙona shi suna arewa maso gabas.

Lissafin kansa hasashe biyu ne ake haɗawa: farashi da tsananin sanyi. Sanyin ana auna shi da wata dabara mai sauƙi. Digiri 65 a ma'aunin Farenhait, wato wajen 18 a namu, shi ne mizani. Ranar da matsakaicin zafinta ya tsaya a 45, ta ci maki 20. A tara makin dukan watannin, a kwatanta da na bara. Da yake ba wanda ya riƙe iska a hannunsa, rahoton yakan ƙara da abin da zai faru idan sanyi ya zarce hasashe da kashi 10 cikin 100, ko ya gaza da haka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kowane makamashi da ƙofar da masifa ke shigo masa. Dubi furofen a hunturun 2013 zuwa 2014. Kakar 2013 manoman tsakiyar ƙasar sun samu masara mai yawan gaske, amma ta zo da danshi, kuma da furofen ake hura injinan busar da ita. Kafin a ankara masara ta shanye ajiya. Sai Janairu ya zo da wani irin sanyi daga ƙuryar arewacin duniya. A cibiyar kasuwar furofen da ke Conway, jihar Kansas, galan ya kusa dala 5, dillalai suka koma ba kowa rabin tanki, gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci. Wa zai ce kuɗin ɗumama ɗakin wata tsohuwa a Wisconsin yana rataye da jiƙaƙƙiyar masarar Iowa?

Man ɗumama gida shi kuma kasuwar duniya yake bi sau da ƙafa. Bayan ƙarancin da aka yi a farkon 2000, gwamnatin Clinton ta ware ganga miliyan 2 a arewa maso gabas don ko-ta-kwana.

Iskar gas ta daɗe tana ba masu hasashe hutu. A tsakiyar 2008 farashin kowane ma'auni nata a cibiyar kasuwar gas ta Henry Hub da ke jihar Louisiana ya haura dala 13, amma da aka ƙware wajen fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ana tatso ta, ya faɗi ƙasa da dala 2 a 2012. Daga 2016 Amurka ta fara loda gas a jiragen ruwa daga tashar Sabine Pass zuwa ƙasashen waje, kuma tun daga nan abin da ya taɓa Turai yana iya taɓa murhun Ohio. Rahoton Oktoban 2021 ya ce masu gas za su biya ƙarin kashi 30 cikin 100 a kan na hunturun da ya gabata, masu man ɗumama 43, masu furofen 54, masu lantarki 6 kacal. Kada wannan 6 ta ruɗi mutum, domin a yanki mai sanyi ɗumama gida da tsohon hita na lantarki tun asali tsada gare shi.

A 2022, bayan Rasha ta afka wa Ukraine, gas ya kusa dala 9 a Agusta, rahoton Oktoba ya yi wa masu gas gargaɗin ƙarin kashi 28 cikin 100. Jaridu suka ɗauka, hankalin jama'a ya tashi. Sai Janairun 2023 ya zo da sauƙi a gabashin ƙasar da ma Turai, ajiya ta ƙi ƙarewa, kafin ƙarshen Fabrairu farashin Henry Hub ya sauko ƙasa da dala 3.