'Yancin tunani da aƙidar da aka hana a yi mata tambaya

Me ake nufi da 'yancin tunani?

Shi ne mutum ya karɓi magana don hujjarta ta gamsar da shi, kuma ya iya buɗe baki ya ce "ban gamsu ba" ba tare da an kai masa hannu ba. Sunan ya yi tashe a Ingila bayan Anthony Collins ya wallafa littafi a kansa a 1713, amma abin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Atina suka yanke wa Sokratis hukuncin shan guba, bisa zargin ba ya girmama gumakan birnin, yana kuma ɓata tarbiyyar matasa. Abin da yake yi kuwa, ya tare mutum a kasuwa ya tambaye shi: wannan da kake kira adalci, ta yaya ka san shi ne adalci?

Ke nan riƙe aƙida laifi ne?

Ko kusa. Babu mai rai da ba shi da abin da ya ƙulla a zuci. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka haramta tambaya a kan aƙida, sannan aka danƙa mata bulala. Daga nan ba a sake bambance wanda ya yarda da wanda ya ji tsoro, don dukkansu kai suke gyaɗawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗi abin da ya tayar masa da hankali tun yana saurayi: ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi. Sai ya tambayi kansa, cikin abin da ya riƙe, wanne ya sani, wanne kuma ya gada kawai? Wannan gadon shi malamai ke kira taƙlidi. Gazali ya daɗe cikin kokwanto, ya fito yana mai imani, amma imanin da ya sha wuya kafin ya samu.

Ba Turawa ne suka ƙirƙiro wannan don su raba mutane da addini ba?

Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ibnul Haisam, masanin ilimin gani da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi sukutum kan shakkunsa game da Batlimus, tsohon masanin zamanin Girkawa da Rumawa wanda duniya ta ɗauka ya gama magana a ilimin taurari. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, ya kafa hujja a littafinsa Faslul Maƙal cewa Alƙur'ani da kansa ya umarci mutum ya yi nazari, kuma gaskiya ba ta karo da gaskiya. Wajen 1195 aka kore shi zuwa garin Lusena, aka ƙone wasu littattafansa. Ya rasu a Marrakesh a 1198. Littattafansa da suka tsira aka fassara su zuwa Latin, jami'o'in Turai suka shafe ƙarnoni suna karanta su.

Su Turawan ma da jini suka koyi darasin. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya soma ne da rigimar Katolika da Furotesta, ya kuma lashe miliyoyin rayuka a ƙasashen Jamus.

Me ya sa kullum sai an ambaci Galileo?

Saboda a shari'arsa abin ya fito fili ƙarara. Masanin taurari ne ɗan Italiya, mutum ne kuma mai addini, 'ya'yansa mata biyu ma a gidan ibada suka ƙare rayuwarsu. Ya ɗora madubin hangen nesa a ido a 1610, ya ga watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari, alamar ba kowane abu ne ke kewaya ƙasa ba. Ya goyi bayan cewa ƙasa ce ke kewaya rana. A ranar 22 ga Yuni 1633 kotun cocin Katolika a Roma ta yanke masa hukunci. Tsoho mai shekara 69 ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya karanta takardar da aka rubuta masa, yana rantsuwa ya tuba daga abin da idonsa da lissafinsa suka nuna masa. Aka tsare shi a gida har ya rasu a 1642, bayan ya makance.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan shi ne takardar. Alƙalan sun samu sa hannunsa, kuma iyakar abin da suka samu ke nan, don ƙasa ba ta fasa tafiyarta ba. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya fito ya amince an yi kuskure.

Su masu tutiya da hankali ba sa zalunci ne?

Suna yi, kuma duk mai son 'yancin tunani da gaske bai kamata ya ɓoye wannan ba. A 833 Halifa Ma'amun, wanda ya yi suna wajen son falsafa da fassara littattafan Girka, ya wajabta wa malamai su furta cewa Alƙur'ani halitta ne, ra'ayin da Mu'utazilawa, wani rukunin malaman tauhidi, suka tsaya a kai da hujjojin hankali. Aka riƙa kiran alƙalai da malaman hadisi ɗaya bayan ɗaya ana titsiye su. Mafi yawansu suka amsa don su tsira. Ahmad bin Hambal ya ƙi. Aka sa masa mari, ya yi fiye da shekara biyu a kurkuku, aka yi masa bulala a gaban Halifa Mu'utasim har ya suma. A wannan karon malamin hadisi ne ke kare 'yancin zuciyarsa, masu hankali kuma ke riƙe da bulalar.

A Tarayyar Sobiyet, gwamnatin da ta ce kimiyya ce jagorarta, an mayar da ra'ayin wani masanin aikin gona mai suna Lysenko kan gadon halittu doka, aka hana koyar da saɓaninsa a 1948. Kafin nan Nikolai Vavilov, ɗaya daga cikin manyan masana tsirrai na duniya, ya riga ya mutu a kurkuku a 1943. A Albaniya gwamnatin Enver Hoxha ta rufe masallatai da coci-coci kakaf a 1967. Ashe aƙidar dole ba lallai sai ta zo da rawani ba.

Idan aka bar kowa da ra'ayinsa, ɓata ba za ta yaɗu ba?

Za a faɗi shirme da yawa, wannan babu musu. Amma wa za a ba wuƙa da nama ya tace? Kowane mai tacewa a tarihi ya tabbata shi ke kan daidai, har da alƙalan Galileo. John Stuart Mill ya kawo dalilinsa a 1859: ra'ayin da aka danne yana iya zama gaskiya, ko ya ƙunshi wani yanki nata, kuma ko da ƙarya ne zalla, gaskiyar da ba a taɓa ƙalubalanta ba takan koma hadda, mai ita bai san dalilinta ba. John Locke kuma tun 1689 ya ce ƙarfin hukuma ba ya shiga zuciya, iyakarsa fatar baki. Shi kansa Locke ɗin bai kai ƙarshen hujjarsa ba, don ya cire waɗanda ba su yarda da Allah ba daga cikin masu cancantar haƙuri.

Lokacin da aka ƙone Michael Servetus da ransa a Jeneba a 1553 saboda ya musanta aƙidar Triniti, wato imanin Kirista cewa Allah ɗaya ne cikin uku, Sebastian Castellio ya mayar da martani cewa kashe mutum ba kare aƙida ba ne, kashe mutum ne kawai.

Babu iyaka ke nan?

Akwai. Tunani da furta shi daban, tunzura taro su afka wa wani daban, ƙage kuma daban. Cin mutuncin abin da mutane ke girmamawa rashin tarbiyya ne, kuma ba ya gamsar da kowa. Amsarsa raddi ce da hujja. Jifa da ƙonawa ba su taɓa zama amsar magana ba.

Shi mai addini me zai ƙaru da shi?

Sashe na 18 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da sauya shi, da yin ibada a fili ko a ɓoye. Mutane kan tuna ɓangaren sauyawa su manta na ibada, alhali rumfa ɗaya ce. Mai rinjaye a wannan ƙasa tsiraru ne a waccan. Da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifen, ta faɗa hannun sarakunan Kirista a 1492, an yi wa Musulmin birnin alkawari a rubuce cewa za a bar su da addininsu. Shekara goma ba ta wuce ba aka ce ko dai a yi musu baftisma, wato su zama Kirista, ko su bar ƙasar. Jikokin waɗanda suka karɓi baftismar ma ba su tsira ba, don ba a yarda tubar tasu ta kai zuci ba: tsakanin 1609 da 1614 aka kore su daga Sifen, kimanin mutum 300,000.