Waiwaye: tun yaushe tsiron kwalba ya fara “fin na daji ƙarfi”?

Gardama ta ƙi ƙarewa a kan ƙwayoyin tsiron magani da ake renonsu cikin kwalba a ɗakin gwaji. Wasu na cewa sun fi ganyen daji yawan antioksidan, wato sinadaran da ke tare ɓarnar iskar oksijin a jiki. Masu maganin gargajiya kuwa sun ce abin da bai sha rana ba ba ya warkarwa. Maganar ba yau ta faro ba.

A 1902 Haberlandt, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, ya ce ƙwayar tsiro guda na iya zama cikakken tsiro. A 1939 aka samu dunƙulen tsokar karas da na taba, wanda ake kira kalus, yana girma ba tsayawa. A 1962 Murashige da Skoog suka haɗa abincin renon da har yau ake dafawa: sukari giram 30 da agar, mai daskarar da ruwan, giram 8 a lita, a daidaita tsami zuwa 5.8, a turara a digiri 121.

Inda aka fi samun ci gaba shi ne Japan, wajen 1981. Akwai tsiro mai jan saiwa, Lithospermum erythrorhizon, da ake tatsar wani jan sinadari mai suna shikonin daga gare shi don maganin ƙuna da rini. A kwalba ƙwayoyinsa sun yi ta hayayyafa, amma farare fat, babu shikonin. Fujita da abokan aikinsa suka gano cewa amoniyam, wanda ke sa su ƙiba, shi ne ke toshe jan launin. Haske ma yana hana shi, haka sinadarin 2,4-D da ake sa wa kalus don ya yi saurin girma. Sai suka raba aikin gida biyu: tukunya ta farko don ƙwayoyin su yawaita, ta biyu ba amoniyam, naitiret kawai, da ƙarin tagulla, a cikin duhu. Can girma ya ja baya, launi ya fito. Cikin makonni kusan uku aka samu fiye da kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyi, alhali saiwar gona tana shekaru kafin ta ba da kashi 1 zuwa 2. A 1983 shikonin ya shiga kasuwa.

Abin da wannan ya tona shi ne, ƙwaya mai jin daɗi ba ta cika haɗa magani ba, sai an matsa mata. Daga nan aka koyi zuba metil jasmonet, sinadarin da tsiro ke fitarwa idan ya ji rauni, ko gishiri, ko haska wani launin fitila, don a tsorata ta. Kenan adadin da aka samu na abincin kwalbar ne da ranar girbi, ba na tsiron kaɗai ba. Kalus ɗaya, a girbe shi a mako na biyu da na huɗu, lamba biyu zai bayar.

Sannan ga gwajin DPPH na auna antioksidan, wanda ya bazu bayan 1995 saboda araha: ruwa mai launin shunayya yana koɗewa, a auna koɗewar da na'ura, a samu lamba. Ba antioksidan ɗin tsiron kaɗai ke koɗar da shi ba. Idan an sa bitamin C a abincin reno don hana kalus yin baƙi, ba a kuma wanke shi sosai ba, lambar za ta hau. Gwajin Folin na auna fenol, wani rukunin antioksidan na tsiro, shi ma sukari da furotin suna ruɗa shi. Wani ya auna da ɗanyen nauyi, wani da busasshe, ga kalus kusan duk ruwa ne. A 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan a abinci, domin abin da ya faru a bututun gwaji ba ya nuna abin da zai faru a jikin mutum.

Tazargade nau'in Artemisia annua ta ishe mu misali. Atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a ƙananan gashin da ke jikin ganye yake taruwa. Kalus ba shi da ganye balle gashi, don haka zai iya koɗar da DPPH sarai, atemisinin ɗin cikinsa kuwa bai taka kara ya karya ba.